Tatsuniya Mai Kuɗin Shiga

Kowace al'umma tana da wasu abubuwa da ta ɗaure a jikin lokaci, waɗanda idan aka kwance su daga wannan lokaci sai kamanninsu su sake. Tashe ba ya fitowa sai azumi ya kwana goma. Hawan Daushe yana da ranarsa, washegarin Sallah. Tatsuniya kuwa abin dare ce, bayan an ci tuwo an wanke hannu, yara sun kewaye tsohuwa a tsakar gida. Mutanen Amurka ma, duk da yawan na'urorinsu da saurin rayuwarsu, suna da irin nasu. Daga ciki akwai wasu gajerun finafinan katun, wato zane mai motsi, waɗanda aka yi fiye da shekara hamsin ana nuna su a talabijin sau ɗaya a shekara, a daidai lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. A 2020 aka kwashe waɗansu daga cikin mafiya shahararsu daga gidajen talabijin na kowa da kowa, aka kai su wani dandalin kallo na intanet wanda sai an biya kuɗin wata ake shiga. Abin ya tayar da ƙura ƙwarai a can.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Bikin ba na akasarinmu ba ne, ƙasar ma ba tamu ba ce. Amma mu da aikinmu shi ne nazarin adabi, mun ga akwai wata tambaya a cikin lamarin wadda ba ta da ƙasa: idan jama'a suka ɗauki wani aikin fasaha suka mayar da shi al'ada, alhali a bisa doka yana da mai shi, wane ne ke da ikon cewa ga lokacin da za a gan shi, ga kuma wanda zai gani?

Bari mu fara da tarihin abin. Ran 9 ga Disamba, 1965, gidan talabijin na CBS ya nuna wani fim mai suna A Charlie Brown Christmas, wanda tsawonsa bai kai rabin sa'a ba. Taurarinsa yaran nan ne na zanen barkwanci mai suna Peanuts, wanda Charles Schulz ya fara bugawa a jaridu tun 1950: Charlie Brown, yaro mai yawan tagumi wanda komai ya taɓa sai ya lalace, Lucy mai baki, ƙanenta Linus wanda ba ya rabuwa da bargonsa, da kuma karen nan Snoopy. Lee Mendelson ne ya shirya fim ɗin, Bill Melendez ya ba da umarni, Vince Guaraldi ya yi kiɗan. Cikin 'yan watanni aka haɗa shi, kuma da manyan CBS suka kalle shi kafin a nuna wa jama'a, bai burge su ba. Sun ga tafiyarsa tana da nawa. Yara na gaske aka sa suka yi muryoyin maimakon ƙwararrun 'yan wasa. Ba a sa dariyar nan ta na'ura da aka saba cusawa a wasannin barkwanci ba. Kiɗan jaz ne, wanda ba a saba haɗa shi da shirin yara ba. Uwa uba, Schulz ya dage sai Linus ya tsaya a tsakiyar dandamali ya karanto labarin haihuwar Annabi Isa daga Linjilar Luka, babi na 2, aya ta 8 zuwa ta 14, abin da masu talabijin na kasuwanci suke ɗari-ɗari da shi.

Duk da haka, a daren da aka nuna shi kusan rabin masu kallon talabijin a Amurka shi suka kalla. Ya sami lambobin yabo na Emmy da Peabody. Wannan nasara ta sa aka biyo shi da It's the Great Pumpkin, Charlie Brown a Oktoba 1966 don bikin Halowin, sannan A Charlie Brown Thanksgiving a Nuwamba 1973 don Ranar Godiya. A wannan zamanin ne kuma aka yi sauran 'yan uwansu: Rudolph the Red-Nosed Reindeer, labarin barewa mai jan hanci, wanda NBC ta fara nunawa ran 6 ga Disamba, 1964, How the Grinch Stole Christmas! a 1966, da Frosty the Snowman, labarin mutum-mutumin ƙanƙara, a 1969.

Labarin fim ɗin na 1965 ba shi da sarƙaƙiya. Kirsimeti ta zo, kowa yana murna, Charlie Brown kuwa ya rasa abin da ke masa daɗi, domin duk inda ya duba sai ya ga bikin ya zama kasuwa. Ƙanwarsa Sally ta sa shi ya rubuta mata wasiƙa tana neman a aiko mata kuɗi tsaba. Karensa ma ya ƙawata ɗakinsa da fitilu don ya ci gasa. Da aka aiki Charlie Brown ya sayo bishiyar ado, sai ya tsallake manyan bishiyoyin ƙarfe masu ƙyalli ya ɗauko wata 'yar ramammiya mai zubar da ganye. Aka yi masa dariya. Bayan karatun Linus ne yaran suka dawo cikin hankalinsu, suka taru suka gyara 'yar bishiyar. Jigon ke nan: abin da ke ba biki daraja ba a sayar da shi a kanti.

Sai dai kuma, ruwa ba ya tsami banza. Wannan fim da ke sukar mayar da biki kasuwa, kamfanin Coca-Cola ne ya nemi a yi shi, ya kuma ɗauki nauyinsa. Rudolph ma haka: wani ma'aikacin kantin Montgomery Ward mai suna Robert May ne ya ƙago shi a 1939 a cikin ɗan littafin da kantin yake raba wa yaran masu sayayya, fim ɗinsa kuwa kamfanin General Electric ne ya ɗauki nauyinsa. Saboda haka duk wanda ya ce a da waɗannan finafinai suna da tsarki, sai yanzu kuɗi ya shiga ya ɓata su, bai karanta tarihinsu ba. A kasuwa aka haife su. Abin da ya mayar da su al'ada shi ne hanyar da suka bi suka isa ga jama'a.

Talabijin na wancan zamani kamar ruwan sama yake. Tasha ta watsa shiri a iska, duk mai akwati da eriya ya tara kwaryarsa. Mai talla ne ke biya, mai kallo kuwa ladan da yake bayarwa shi ne haƙurin kallon tallan. Manyan tashoshin kasuwanci uku ne kacal a ƙasar, wato CBS da NBC da ABC, kuma babu bidiyo a gidaje balle a naɗi shiri a ajiye. Idan aka ce ranar kaza da ƙarfe kaza za a nuna Charlie Brown, to wanda ya makara sai ya jira baɗi. Wannan ƙaranci shi ya haifar da ɗoki. Iyaye su hanzarta da abincin dare, yara su zauna tun kafin lokaci, kuma ɗan attajiri a New York da ɗan manomi a ƙauyen Kansas abu ɗaya suke kallo a dare ɗaya. Washegari a makaranta babu wanda zai tambayi wani ko ya gani. Shekara ta zagayo a sake, har yaran suka zama iyaye, suka zaunar da nasu 'ya'yan a gaban akwatin.

A tsawon waɗannan shekaru finafinan sun sha sauya masauki. Rudolph ya bar NBC ya koma CBS a 1972, ya yi fiye da shekara hamsin a can, sannan a Disamba 2024 ya dawo NBC, Frosty ma ya bi shi. Su Charlie Brown sun zauna a CBS har zuwa 2000, shekarar da Schulz ya rasu, daga 2001 suka koma ABC. Duk wannan bai tayar wa jama'a hankali ba, domin ga mai kallo sauyin bai wuce murɗa akwati daga wannan tasha zuwa waccan ba. Kamar a ce maroƙi ya tashi daga ƙofar wannan mai gida ya koma ta wancan; muddin a fili yake kiɗansa, unguwa duka za ta ji.

Abin da ya faru a Oktoba 2020 wani iri ne daban. Kamfanin Apple, wanda ya buɗe dandalinsa na kallo mai suna Apple TV+ a Nuwamba 2019, ya sanar da cewa tsofaffin finafinan Peanuts sun koma hannunsa. A wannan shekara, a karo na farko tun 1966, fim ɗin kabewa na Halowin bai fito a talabijin na iska ba. Kada a manta shekarar annobar korona ce, mutane suna kulle a gidaje, an hana taro, iyalai da yawa ba su iya ziyartar juna ba. A irin wannan hali aka wayi gari ɗan abin da aka saba haɗuwa a kansa daga nesa ma an sa masa ƙofa. Fiye da mutum 200,000 suka sa hannu a takardar koke ta intanet. Cikin 'yan makonni Apple ya sassauto, ya yarda tashar PBS, wadda ba ta kasuwanci ba ce, ta nuna fim ɗin Ranar Godiya ran 22 ga Nuwamba, na Kirsimeti kuma ran 13 ga Disamba. A 2021 PBS ta nuna duka ukun. A 2022 wannan yarjejeniya ba ta ci gaba ba. Abin da ya maye gurbinta shi ne kamfanin ya riƙa ware 'yan kwanaki gabanin kowane biki, inda wanda bai biya kuɗin wata ba zai iya shiga dandalin ya kalla kyauta. Kuɗin watan kuwa, wanda ya fara da dala 4.99, ya kai dala 12.99 a 2025, shekarar da aka taƙaita sunan dandalin zuwa Apple TV.

Adalci ya wajaba mu saurari ɓangaren kamfanin. Bai ƙwaci komai ba. Ciniki ya yi da masu haƙƙin mallaka, ya biya. A dandalinsa ana ganin fim ɗin cikakke, babu talla a tsakani, alhali gidajen talabijin sun sha datse wasu sassa don su samar wa talla wuri. Ya kuma zuba kuɗi an yi sababbin shirye-shiryen Snoopy. Bugu da ƙari, matasan iyalai da yawa a Amurka sun daina kallon tashoshin iska, sun koma wayoyi da kwamfutoci, don haka ana iya cewa fim ɗin ya bi jama'a ne inda suka koma. Har ila yau, tun zamanin kaset ɗin bidiyo da faifan DVD ake sayar da waɗannan finafinai a kanti, wanda duk yake so zai iya mallakar nasa. In haka ne, me masu koke suka rasa?

A nan ne ilimin adabin baka yake da abin cewa. Mun daɗe muna koya wa ɗalibai cewa tatsuniya ba kalmomi ne kawai ba. Akwai mai bayarwa, akwai masu sauraro, akwai wuri, akwai lokaci, kuma kowannensu yana cikin ma'anar abin. Magabatanmu sun fahimci haka, shi ya sa suka hana tatsuniya da rana. Rana ta aiki ce. Da an bar Gizo da Ƙoƙi suna yawo a kowane lokaci, da yaro bai yi ɗokin faɗuwar rana ba. Lokacin da Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa ya buga su a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ya yi babban aiki, domin ya ceci labarai da yawa daga ɓacewa. Amma wanda ya buɗe littafin a ɗakin karatu da hantsi, shi kaɗai, labarin ya samu. Bai sami farin wata ba, bai ji muryar tsohuwa tana sauyawa idan ta zo maganar Gizo ba, bai ji ƙanensa ya matso jikinsa don tsoron Dodo ba.

To, abin da Amurkawan nan suka rasa shi ne daren. Fim ɗin yana nan, hasali ma ya fi da kyawun hoto. Amma abin da ake iya kalla a kowace rana ta shekara, a kowace sa'a, kowa a wayarsa, ya tashi daga matsayin buki ya koma kayan ajiya. Mutum zai ce gobe na kalla, goben ta zama jibi, har bikin ya wuce. Ko ya kalla ma, ba shi da tabbacin maƙwabcinsa ya kalla. Kwanakin kyauta da kamfanin ke warewa sun rage zafin abin, amma ba su mayar da shi yadda yake ba, domin mai shiga sai yana da intanet mai ƙarfi, da na'urar da ta dace, da sanin yadda ake buɗe manhaja. Tsohuwa mai shekara tamanin da ke zaune ita kaɗai da tsohon akwatinta, wadda ta kalli fim ɗin da 'ya'yanta a 1965, ita ce ta farko da ƙofar ta rufe wa. Kuma akwai bambanci tsakanin abin da ya zo ya same ka a ɗakinka da abin da aka ce ka zo ƙofar mai gida ranar kaza za a ba ka.

Akwai wani bambanci kuma da ya fi wannan zurfi. Gizo ba shi da mai shi. Kowace tsohuwa tana da ikon ƙara masa wayo ko ta rage, babu wanda zai kai ta kotu. Snoopy kuwa dukiya ce mai takardu. Iyalan Schulz kashi 20 cikin ɗari kawai suke riƙe da shi na kamfanin da ya mallaki Peanuts, sauran yana hannun masu zuba jari waɗanda suka saya, kuma suna iya sayarwa. A dokar Amurka, aikin da aka fitar a wancan zamani yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka har shekara 95. Shi ya sa fim ɗin Mickey Mouse na 1928, Steamboat Willie, sai a farkon 2024 ya zama na kowa. Da wannan lissafi, fim ɗin 1965 zai kai ƙarshen 2060 yana hannun masu shi. Yaron da ya kalle shi a daren farko yana ɗan shekara 8 sai ya kai shekara 103 kafin abin da ya ɗauka gadon gidansu ne ya zama nasa a bisa doka. Ashe duk tsawon shekarun nan jama'a aro suke yi ba su sani ba, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba muna cewa a hana mai fasaha cin guminsa ba ne. Mu da muke rubutu mun san zafin a kwafi littafin mutum a sayar ba da izininsa ba. Abin da muke cewa shi ne, darajar da kamfanin ya biya kuɗi ya saya, wani kaso mai yawa nata jama'a ne suka samar da shi. Finafinan katun nawa aka yi a shekarun 1960 waɗanda yau babu mai tunawa da su? Abin da ya bambanta waɗannan 'yan kaɗan shi ne miliyoyin iyalai da suka yi ta zama a gabansu shekara bayan shekara, har suka shiga cikin ma'anar bikin. Doka ta san hannun da ya zana, ta san aljihun da ya biya, amma ba ta da wani gurbi da ta tanadar wa idon da ya yi shekara hamsin yana kallo. Takardar koken 2020 ba ta da ƙarfi a gaban alƙali. Ƙarfinta na kunya ne, kuma mun ga kunyar ta yi aiki na shekara biyu sannan ta saki.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma mun san irin wannan zama. Waɗanda suka taso a shekarun 1980 suna tuna yammacin Lahadi da shirin Tales by Moonlight na NTA, suna tuna yadda gida ɗaya mai akwati yakan cika da yaran unguwa idan lokacin Samanja ya yi, ko Karkuzu, ko Magana Jari Ce da marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki. Mai gidan ba ya korar kowa; a buɗe taga, waɗanda ba su sami wuri a ciki ba su leƙo. Yanzu kuwa wasannin Hausa masu dogon zango, irin su Labarina, sun nuna mana yadda shiri yake raba ƙafa tsakanin tashar talabijin da YouTube, kuma mai kallo a waya da kuɗin datarsa yake kallo, shi kaɗai, da abin ji a kunne. An sami yalwa, ba mu musa ba. Mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa cin moriyar wannan, domin ɗalibi a ɗakin kwanansa a nan yana iya ganin hawan Sallah na garinsu a tafin hannunsa. Amma mun lura a ɗakin taron ɗalibai akwatin talabijin ba ya tara mutane sai ranar ƙwallo, wato abin da ya rage wanda in ba a gan shi a lokacinsa ba ya zama labari.

Saboda haka darasin da muke ɗauka daga rikicin Charlie Brown guda biyu ne. Na farko ya shafi masu riƙe da tashoshin gwamnati da na jama'a: su san cewa tsofaffin shirye-shiryen da ke ma'ajiyarsu amana ce, kuma kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya da za ta miƙa su ga wani dandali, ya kamata a rubuta sharaɗin cewa za a ci gaba da nuna su a fili a lokutan da jama'a suka saba. Da masu haƙƙin Peanuts sun rubuta irin wannan sharaɗi a 2020, da ba a kai ga takardar koke ba. Na biyu ya shafe mu, malamai da ɗalibai. Idan muka fita tattara tatsuniya ko waƙa ko wasan tashe, kada mu tsaya ga kalmomi. Mu rubuta wa ya faɗa, a gaban wa, a wane dare, wa ya yi dariya, wa ya yi gyangyaɗi. Kalmomin na'ura za ta adana su, wataƙila ma wani kamfani ya saye su wata rana.

Abin da ya fi waɗannan sauƙi kuma yana hannun kowa. Wasu iyalai a Amurka, da suka ga tasha ta daina sa musu rana, sai suka sa wa kansu: su sayi faifan, su zaɓi dare ɗaya a Disamba, su tara yara da jikoki, ba kuma za a taɓa faifan ba sai baɗi. Mu ma babu abin da ya hana ƙungiyar ɗaliban Hausa ta zaɓi dare ɗaya a kowane zangon karatu, a shimfiɗa tabarmi a bayan sashe, a ajiye wayoyi, a nemo wanda ya iya tatsuniya a cikinmu ya ba mu. Ba sai an nemi izinin kowa ba, domin har yanzu Gizo ba shi da mai shi.